Shamuwa a sama, rana tsaka: ya ake yi hoton ya fito?

Salamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto, dan Allah ku taimaka min. Ina ɗaukar tsuntsaye a fadamar Hadejia-Nguru, wajen Dagona, kuma shamuwa ce ta gagare ni idan tana cikin tashi da rana tsaka. Bayanta baƙi ne cikinta fari, to in na rage haske dan farin ya fito sai ƙasan fiffike ya zama baƙi ƙirin ba ka ganin ko gashi ɗaya, in na ƙara kuma cikin ya ƙone fari fat, sama ma ta wanke. Balbela ma haka take min.

Ina sa saurin shata (tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga) 1/2000 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin karɓar hasken kyamara) 400, kuma RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba) nake ɗauka. A Lightroom, manhajar gyaran hoto, in na ƙara wa inuwa haske sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo kamar yashi, gefen fiffiken kuma wani farin zobe ya kewaye shi, wallahi abin yana damuna sosai.

Shin farin zan auna in bar inuwar sai wajen gyara? Kuma wannan zoben ya kuke cire shi? Na san safiya ta fi, amma ba kullum nake samun isa da wuri ba.