Neman shawara: sabar imel mai tsaro don ƙungiyarmu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar ƴan kasuwa nan Maraɗi, mu 30 ne. Alhazanmu kullum cikin aika takardun kaya da na kuɗi suke zuwa Katsina da Kwatano, kuma shugabanmu ya ce sam ba ya son sirrinsu a hannun wani kamfani. Akwai tsohuwar kwamfuta a biro. In na ɗora mata Postfix da Dovecot, manhajojin aikawa da karɓar imel, ta zama sabarmu, wato kwamfutar da ke riƙe wasiƙunmu, ya isa?

Wani dattijo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, manhajojin da ka zaɓa ba su da laifi, amma kar ka ajiye sabar a biro. Kuran ya ɗauke, zafin Afrilu ya dafa na'ura. Wannan ma mai sauƙi ne. Lambar IP, wato adireshin na'ura a intanet, ta layin gida canzawa take, ba ka da ikon saita PTR, bayanin da ke haɗa lambar da sunan sabarka, sai wasiƙun Alhaji su riƙa faɗawa kwandon shara. Ka yi hayar VPS, wato sabar da kamfani ke ba ka haya ta intanet, amma kafin ka biya ko dala ka tambaya ko ƙofa ta 25, wadda imel ke bi tsakanin sabobi, a buɗe take, da yawa rufe ta suke. Ka saita SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da cewa wasiƙa daga gare ku ta fito. Tun Fabrairu 2024 Gmail ke korar wasiƙar da ba ta da SPF ko DKIM.

Wata ƴar'uwa:
Malam, wane irin sirri shugaban naku ke nufi? Shaidar tsaro ta hukumar Let's Encrypt kyauta ce, manhajar certbot na sabunta ta da kanta, sai ka tilasta TLS, mai ɓoye saƙo a kan hanya, a ƙofofin 587 da 993 na aikawa da karanta wasiƙa. To amma wannan kulle hanya ne kawai. Wasiƙa na isa sabar take buɗewa, kai kanka kana iya karantawa, kamfanin da ya ba ka hayar ma haka. In ana son daga mai aikawa sai mai karɓa, OpenPGP ne, mai kulle ita kanta wasiƙar da mabuɗi, yana cikin manhajar imel ta Thunderbird tun 2020. Ko da shi, ana ganin wa ya rubuta wa wa. Wanda ya ɓatar da mabuɗinsa kuwa, tsoffin wasiƙunsa sun tafi ke nan.

Mai tambaya:
Tirƙashi! Alhazan da ke rubuta kalmar sirri a bayan littafin bashi?

Dattijon:
To ka fara OpenPGP ɗin da ma'aji da magatakarda kawai. Sauran TLS ya ishe su. Ka sa Fail2ban, mai toshe masu ta gwada kalmar sirri, tun ranar farko, kafin la'asar za ka ga baƙi na gwada ƙofa.