Tafiyar Alan Joyce daga Qantas: me ya harzuƙa masu hannun jari?

Ɗan Kasuwa: Jama'a, Qantas, kamfanin jiragen saman Ostareliya, ya ci riba mai tsoka a 2023, amma masu hannun jari suka yi wa shugabanninsa ca. Me ya jawo?

Malam Akawu: Sunan kamfanin ne ya zube. A Agustan 2023 ACCC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Ostareliya, ta maka shi kotu kan sayar da tikitin jirage sama da 8,000 da aka riga aka soke. Joyce, mai shekara 15 a kujerar shugaban kamfanin, ya sauka a Satumba, wata biyu kafin lokacinsa. A taron Nuwamba kusan kashi 83 cikin 100 na ƙuri'u suka ƙi rahoton albashin shugabanni.

Hajiya Mai Jari: Malam, ka manta dokar gargaɗi biyu. In kashi 25 suka ƙi rahoton shekara biyu a jere, sai a kaɗa ƙuri'ar rushe hukumar daraktoci. Ga kuma ƙorafin magajiya: Vanessa Hudson da ta gaje shi ita ce shugabar sashen kuɗi a zamaninsa, wasu na ganin ba a sauya zani ba.

Malam Akawu: Gaskiya ne, Hajiya. A 2024 an zaftare wa Joyce fiye da dalar Ostareliya miliyan 9 daga kuɗin da za a biya shi.