Muhawara: a dasa kachala a inda gubar dalma ta ɓata ƙasa?

Sani, Gusau: Jama'a, ga wata magana da ake yaɗawa: wai idan aka dasa kachala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa a cikin ruwa, a wurin da gubar dalma ta ɓata, za ta tsotse gubar, shi ke nan. Ni dai ta kwanta mini. Ciyawa ce da ba a sayenta, ba ta kuma jin kashewa.

Hajiya Binta, Nguru: Allah ya tsare! Malam Sani, ka taɓa ganin kachala da idonka? Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa, ruwa ya daina janyewa da rani kamar da, ita kuwa ta toshe mana hanyoyin ruwa. Masunci ba ya iya tura kwalekwale, gonar shinkafa ta koma daji, jan-baki kuma a ciki suke kwana, da asuba su far wa gero. Ita ce za ku kai wa wasu?

Injiniya Musa, Kano: Hajiya, gaskiyarki, amma ita ma tana da ranarta. A ƙasashe da dama ana haƙa tafki, a dasa ta, a bi da ruwan masana'anta ta ciki, saiwarta ta riƙe ƙarafa masu guba da ke cikin ruwan. Mu nan ruwan kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa yana ɗauke da ƙarfen kuromiyom, ga masu noman rani suna ba wa latas da alayyafo ruwan Jakara. Wannan ai wurin gwada ta ne.

Malama Hauwa, Anka: Ruwa daban, tsakar gida daban, Injiniya. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara, saboda a cikin gidaje ake daka dutsen zinare mai ɗauke da dalma, ƙurar ta bi ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Kachala sai da ruwa kwance. Kuma dalma manne wa ƙasa take yi, ɗan abin da ciyawar ta ja galibi a saiwa yake tsayawa. Abin da aka yi a ƙauyen Dareta, da na Bagega a 2013, shi ne kankare saman ƙasar, a binne ta a rami, a zuba sabuwa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ma a lokacin sai an share gari suke fara ba yara magani, don kar su koma cikin gubar.

Sani: To amma kankarewar nan kuɗi ce, Malama. Bagega sai da ta yi shekaru tana jira.

Malama Hauwa: Ciyawa ta fi haka daɗewa.

Hajiya Binta: Ni tambayata ga Injiniya ce. In ta gama tsotsa, ina za a kai ta? Mu nan jinka da tabarma ake yi da ita.

Injiniya Musa: Ba za a bari kowa ya taɓa ba. Ƙonawa ma ba ta kashe ƙarfe, yana nan a toka, dole a binne tokar. Sai an kewaye tafkin da waya, a sa mai gadi.

Hajiya Binta: Wayar za ta tare iska? Irinta fa kamar auduga yake tashi.