Muhawara: Shin Makomar Lantarkin Rana da Iska Tana Hannun Masana Sinadarai?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum. Ina so in ajiye wata magana domin a gyara ta ko a rushe ta. A ganina an riga an iya samar da lantarki daga rana da iska, abin da ya rage shi ne ajiye shi, ajiya kuwa aikin masana sinadarai ne kafin kowa. Rana tana faɗuwa daidai lokacin da gidaje suka fi bukatar wuta, iska kuma ba ta yi wa kowa alƙawari. Batirin litiyam da ake dogaro da shi yau daga ɗakin gwaji ya fito: Stanley Whittingham ya aza harsashinsa a shekarun 1970, John Goodenough ya gano amfanin sinadarin kobalt a cikinsa a 1980, Akira Yoshino ya haɗa nau'in da ya fi aminci a 1985, sannan kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991. Da aka tashi ba su ukun kyautar Nobel a 2019, a fannin sinadarai aka ba su.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama. Tarihin da kika kawo daidai ne, sai dai kin ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Har yanzu mafi yawan lantarkin da ake ajiyewa domin manyan layukan wuta na duniya ruwa ne ke riƙe da shi: idan wuta ta yi yawa sai a tura ruwa zuwa tafkin da ke kan tudu, idan aka bukace ta sai a sako shi ya juya injin. Tashar Bath County da ke Amurka tana wannan aiki tun 1985, tana kuma iya ba da kusan megawat 3,000, alhali ba komai a cikinta sai ruwa da tudu. Haka nan farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020 saboda manyan masana'antun ƙasar Sin sun riƙa ƙera shi da yawa, ba don an gano wani sabon sinadari ba.

Malama Hadiza:
Injiniya, ba kowace ƙasa ke da tudu da ruwan da za a yi wannan dabara ba, kuma ba a saka tafki a cikin mota. Faifan da kake magana a kai ma, silikon ɗinsa ba ya amfani sai an mayar da shi wani sinadari mai saurin zama tururi, an tace shi, an dawo da shi da tsarkin da ya kai kashi 99.9999 cikin ɗari. Wane ne ya koya wa masana'anta wannan?

Dakta Nura:
Sinadarai nake koyarwa, don haka za a zaci bayan Malama zan bi, amma akwai iyakar da ilimin namu da kansa ya shata. Kilo ɗaya na man fetur yana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin wat-awa (ma'aunin yawan makamashi) 12,000, kilo ɗaya na batirin litiyam kuwa kimanin 250 yake riƙewa. Ko da an cire abin da injin mota ke ɓarnatarwa a matsayin zafi, wanda ya haura rabi, tazarar tana nan da faɗi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne fetur yana samun iskar da yake ƙonewa da ita kyauta daga sarari, batir kuwa dole ya goya duk kayan aikinsa. Shi ya sa ban sa ran ganin babban jirgin sama ya tsallaka teku da batir ba.

Masu cewa iskar haidurojin ce mafita su ma su yi a hankali. Idan aka raba ruwa da lantarki aka samu haidurojin, aka adana, aka sake mayar da ita lantarki, abin da ke dawowa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku da yawa ba, kuma mafi yawan haidurojin da ake amfani da ita yau daga iskar gas ake ciro ta. Inda na ga ta dace shi ne haɗa amoniya domin takin zamani, aikin da ake yi da hanyar masana Haber da Bosch tun 1913, wanda shi kaɗai ke cinye tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na makamashin duniya.

Hajiya Rabi:
Malamaina, kuna ta lissafin ƙarfi, ni kuwa tushen kayan nake dubawa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi, wani sashe da hannu, a ramukan da aka sha samun yara a cikinsu. Yaya za a kira wannan makamashi mai tsabta?

Malama Hadiza:
Hajiya, damuwarki gaskiya ce, amma amsarta tana ƙarfafa maganata. Batirin litiyam mai ƙarfe da fosfet, wanda babu kobalt a cikinsa ko kaɗan, daga ɗakin gwajin Goodenough a Jami'ar Texas ya fito a 1997, kuma a 2021 kamfanin CATL mai ƙera batura a ƙasar Sin ya gabatar da batirin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda teku ke cike da shi.

Injiniya Bashir:
To ai nan nake jiranki, Malama. Batirin da aka gano a 1997 sai da ya shafe fiye da shekara ashirin kafin ya mamaye kasuwa, domin sai da masu ƙira suka iya yin sa da araha. Ga kuma faifan sola na ferobiskait, wani sinadari da ake gwadawa a madadin silikon: a 2009 kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana yake mayarwa lantarki, yau ya wuce 25 a ɗakin gwaji, amma danshi da zafi suna lalata shi, yayin da ake sayar da na silikon da garantin shekara 25.

Malama Hadiza:
Wa kake ganin zai magance danshin, idan ba masanin sinadarai ba?

Injiniya Bashir:
Wannan na sallama miki. Amma manyan batura da ake girkawa a tashoshi yawanci wutar awa huɗu suke riƙewa, ƙasa irin Jamus kuwa tana bukatar abin da zai ɗauki rarar lokacin zafi ya kai ta tsakiyar hunturu. Kafin a samu wannan batir, dogayen layukan da za su kai wuta daga inda iska ke kaɗawa zuwa inda ta tsaya su ne abin da ke hannu. Dakta Nura, a cikin sinadaran da kuke gwadawa, akwai wanda zai riƙe wuta wata shida ba tare da kuɗinsa ya kori mai saye ba?