Ɗinka wa tsohuwar Land Rover rumfar tamfol a gida: wane yadi, wane zare, daga ina ake farawa?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sana'a. Land Rover ce Series III, gajerar, mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, kuma a buɗe take. Ƙarafan rumfar suna nan, baka biyu da sandunan da suka haɗa su, amma tsohon tamfol ɗin babu shi balle a farke a kwafi yankansa. Ina so a ɗinka sabo kafin ruwa ya sauka. Keken da ke gida Butterfly ne, baƙin nan. Kanbas na auduga ya fi ko tamfol na leda irin na manyan motoci? Yadi nawa zai isa? Keken zai ɗauka? Yaya ake fitar da yanka tunda babu samfur? A waje motar take kwana, kuma tana shiga ƙauyukan Giwa da damina.

Mai Tamfol Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar yadi tukuna, a fara da ƙarfe. Series III daga 1971 zuwa 1985 aka ƙera ta, ka ga ko autarsu ta tsufa, da wuya ƙarafanta su kasance a miƙe. Ka ɗaura su duka, ka ɗaure notuna, sannan ka auna a gicciye: daga kusurwar hagu ta saman gilashin gaba zuwa kafaɗar dama ta bakan baya, ka sake daga dama zuwa hagu. In bambancin ya wuce santimita 1, kai wa mai walda ya daidaita. Tamfol da aka yanka a kan karkataccen ƙarfe ba ya taɓa zama, gefe ɗaya ya ɗame, ɗaya ya yi lako-lako. Ka duba kuma tsakiyar kowane baka ya ɗan yi tozo. In ya kwanta ko ya lotsa, ruwan Agusta zai taru a kai ya yi tafki, nauyinsa ya buɗe ɗinki. Duk inda walda ta bar kaifi a goge shi, a kankare tsatsa, a shafa fenti.

Samfur kuwa da leda ake fitar da shi, mai kauri wadda ake gani ta cikinta. Ka manna selotef mai fuska biyu a bayan ƙarafan da bakin bodi, ka zana tsakiyar mota a kan gilashi da kan kowane baka. Ka shimfiɗa ledar daga tsakiya, kana ja zuwa gefe har tattara ta ɓace, amma kada ka ja ta har ta miƙe, don samfurin zai fito ƙarami. Da safe ake wannan aikin, kafin rana ta sa ledar ta yi laushi. Ka bi ƙarafan da maka kana zana layin ɗinki, kuma kowane santimita 30 ka ja ɗan gajeren layi da ya tsallaka daga wannan falle zuwa wancan. Waɗannan alamomin su za su nuna maka inda fallayen za su haɗu a kan keke. Ka rubuta wa kowane falle sunansa da fuskarsa ta waje, domin yanka gefen hagu sau biyu kuskure ne da ake yawan yi.

Falle huɗu ne manya: rufi, gefe biyu, labulen baya. Rufin ya zama falle guda daga gilashi har baya, ba ɗinki a tsakiyarsa. Mahaɗarsa da gefuna ta faɗo kan kafaɗa, inda baka ya fara gangara, kuma fallen sama ya hau kan na ƙasa kamar yadda ake jera kwanon rufi. In ka juya shi, ɗinkin ya zama indararo mai zuba ruwa ciki. Wajen yanka ka ƙara santimita 2 a kowane bakin ɗinki, 6 a ƙasa saboda kalmasa.

In faɗin yadin santimita 150 ne, sayi yadi 8. Rufi zai ci wajen mita 2 da rabi, gefuna kusan 2, labulen baya 1, sauran ya tafi a ƙarin ƙarfi da gwaji. Amma ka fitar da samfurin kafin ka je kasuwa, ka shimfiɗa shi a ƙasa ka auna, shi ne zai faɗa maka gaskiya.

Usman Mai Kujerun Mota:

Abin da Maigida ya faɗa kan ƙarfe haka yake, ba ƙari. Ni a kan keke da zare zan yi magana.

Butterfly zai ɗinke ninki biyu na kanbas mara nauyi sosai, da allura lamba 18. Matsalar a kusurwa take, inda kalmasa ta haɗu da mahaɗa da bel, ninki shida ko takwas. A nan zai riƙa tsallake ɗinki, allura ta karye, kuma tunda haƙorinsa na ƙasa kaɗai ke jan yadi, fallen ƙasa zai riga na sama tafiya. Kafin ka kai ƙarshen ɗinki mai mita 2 sai ka ga ɗaya ya fi ɗaya da yatsa biyu. Ko keken indastiriya na masu kaftani ba na wannan aikin ba ne, gudu gare shi, ba jan kauri ba. Wanda ake so shi ne mai tafiya da ƙafa, wanda ƙafarsa da allurarsa suke jan yadin tare, irin Juki DNU-1541 ko tsohon Singer 111W. Shi masu kujerun mota da masu rufin Keke Napep suke aiki da shi. Shawarata: ka yi awo da yanka da alamomi a gida, ka kai a yi maka manyan ɗinkunan a shago kana tsaye. Ƙananan abubuwa, irin maɗaurai da jakar ajiye labule, ka yi su a naka.

Zare shi ne inda ake cutar mutane. Yawancin zaren takalmi da ke kasuwa nailan ne, yana da ƙarfi a hannu amma rana tana cinye shi. Za ka ga tamfol lafiya lau, ɗinkin rufi kuwa ya zama gari. Ka nemi foliyesta mai santsi wanda aka yi don aikin waje, lamba V-92, da allura 20. In aka sami V-138, allura 22 ko 23. Keken gida iyakarsa V-69. Zaren sama da na kwarkwaro su zama iri ɗaya. Tsawon taku milimita 5 zuwa 6. Ɗinki ƙanana-ƙanana irin na riga yana jera huji kusa da juna, yadin ya yage a kan layin kamar takardar rasit.

Mahaɗa ana yi mata ɗinki biyu: ka haɗa fallayen fuska da fuska ka ɗinke, ka kwantar da bakin zuwa gefe ɗaya, ka sake bi ta sama. Duk inda ƙarfe zai riƙa gogar yadi, wato kan baka da kafaɗu huɗu, ka sa ƙarin falle ta ciki mai faɗin santimita 10.

Zaɓina ga motar da ke kwana a waje tamfol na leda ne, mai nauyin giram 550 zuwa 650 a murabba'in mita. Ba ya shan ruwa, ba ya tsukewa, taɓo da ruwa kawai ake wanke shi. Sai dai hujin allura a jikinsa ba ya rufewa, don haka ba a farke ɗinki a sake, ba a kuma kafa masa fil. Da matsi ake riƙe shi. Bayan ɗinki a manna siririn falle a kan mahaɗa ta ciki da gam ɗin da aka yi don irin wannan ledar. Gam ɗin masu takalmi yana kamawa da farko, daga baya man da ke cikin ledar ya narkar da shi ya koma danƙo.

Baban Hajara Samaru:

Malam Usman, Allah ya ƙara basira, amma a kan leda ban bi ka ba. Ruwa wata biyar ne zuwa shida a Zariya, sauran shekarar rana ce da ƙura. Wanda ya zauna ƙarƙashin leda a watan Afrilu ya san tanda. Ba ta numfashi, da damina kuma gumi yana taruwa ta ciki ya riƙa ɗiga. Da sanyin hunturu takan sandare, naɗe labule ya zama kokawa. Kanbas na auduga mai nauyin giram 500 zuwa 600 ya fi sanyi, ba ya kaɗawa da ƙara a kan hanya, kuma shi ya dace da fuskar motar.

Sharaɗinsa ɗaya ne, in aka tsallake shi an yi asarar kuɗi: kanbas yana tsukewa, musamman ta tsawonsa. Ko kashi 3 cikin 100 ya ja, a rufi mai santimita 220 ka rasa kusan 7, labulen baya ba zai sake kai wa ƙugiya ba. Kafin almakashi ya taɓa shi, ka jiƙa shi sharkaf da ruwa zalla, ba sabulu ba omo, ka shanya ya bushe ƙayau, ka maimaita. In kana son sanin halin wanda ka sayo, yanki ƙyalle ka zana layi mai santimita 50, ka jiƙa, ka shanya, ka sake aunawa. Fallayen kuma duk a yanka su ta fuska ɗaya ta yadin, kar wani a tsaye wani a kwance don tsimi, don ba za su ja daidai ba.

Sabon kanbas yakan yi ɗan yoyo a ɗinki a ruwan farko. Ba lalacewa ba ce. A jiƙa shi a kan motar sau biyu ko uku yana bushewa, audugar za ta kumbura ta toshe hujin. Abin da ya rage a goga masa kakin zuma a kan layin ɗinki kaɗai. Kar a shafe rufin duka da kaki, rana za ta narkar da shi ya kama ƙura. Baƙin mai ko gas da wasu ke shafawa kuwa yana ɓata yadin, ga wari, ga haɗarin wuta. Babban abokin gabarsa fumfuna ce: kada a taɓa naɗe shi da danshi.

Taga ita ma akwai dabara. Ledar gilashi mai kaurin milimita 0.75 za ka nema, siririyar tana yin tattara. Ka ɗora ta a kan yadin tun bai da rami, ka ɗinke ta zagaye, sannan ka yanke yadin da ke tsakiya, ka kalmashe bakin ka sake bi. In ka fara huda ramin, fallen zai saki, tagar ta fito a karkace. Kusurwoyin su zama masu lanƙwasa, kusurwa mai tsini nan take fara yagewa. Ƙurar hunturu kuma ba a goge ta a bushe, a zuba ruwa tukuna, in ba haka ba tagar ta dushe.

Bakanike Kwangila:

Abu uku daga ɓangarenmu. Bodin motar nan alminiyam ne. Ƙugiyoyin igiya da suka ɓace a mayar da su da ribit na alminiyam, don baƙin ƙarfe ko tagulla in suka zauna a jikinsa da danshi, bodin ne ke cinyewa ya yi farin gari. Na biyu, kada a yi tafiya gefuna a rufe labulen baya a ɗage. Iska tana juyowa ta bayan mota ta jawo hayaƙin salansa ciki, kuma wannan hayaƙin yana kisa. In za a buɗe baya, a naɗe gefuna ma. Ƙarafan rumfa kuma na ɗaukar tamfol ne, ba sa kare kowa in mota ta kife. Na uku launi: akwai dokar 1977 da ta hana farar hula hawa mota mai fentin koren soja. Maganar fenti take yi, amma a Zariya, garin da ke da Depot, wato sansanin horar da kuratan soja, da barikin Basawa, Land Rover mai koren tamfol neman dogon bayani ne a shinge. Ɗauki ruwan ƙasa, ya fi ma rashin ɗaukar zafi.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri, na gamsu. Zan tafi a kan kanbas ruwan ƙasa, a kai shago a ɗinke. Saura bakin gaba, inda ya haɗu da gilashi, da saman ƙofofi. Yaya ake hana iska ɗaga shi? Kuma yaushe ake huda wurin igiya?

Mai Tamfol Sabon Gari:

Ka taɓo wuri mafi wuya. A saman gilashin akwai dogon ƙarfe da bakin tamfol yake maƙalewa a ciki, da wasu gajeru a saman ƙofofi. Ka tabbata suna nan, in babu a lanƙwasa maka kafin ka fitar da samfur, don siffarsu za ka bi. Bakin gaban a yi masa ninki uku, a zura bel mai tauri a ciki don kar ya naɗe. A ɗinka masa maɗaurai na bel mai faɗin milimita 25 da za su ja shi ƙasa ta cikin mota, wasu biyu kuma a baya da za su ja rufin daga bakan baya zuwa bodi. Waɗannan na bayan su ke ɗame rufi, ba igiyar gefe ba. Kan kowane maɗauri a yi ɗinki mai kusurwa huɗu da gicciye a ciki, a kan ƙarin falle. Saman ƙofa kuma a bar leɓe mai santimita 5 ya sauko ya rufe bakin ƙofar, ruwa ya bi ta kansa ya wuce.

Huji shi ne aikin ƙarshe, kuma a kan motar ake yin alamarsa. Ka maƙala gaba, ka ja baya ka ɗaure, ka daidaita tsakiya da tsakiya, sannan ka ja gefuna ƙasa ka sa alli a tsakanin kowace ƙugiya da ta kusa da ita, yadda igiya za ta riƙa hawa da sauka. Ƙawanyar hujin ta zama ta tagulla, ta baƙin ƙarfe tana zubar da tsatsa a yadi tun daminar farko. A kafa ta a cikin kalmasa mai ninki uku, a bar aƙalla santimita 2 daga baki, hujin kuma ya ɗan matse ta. Igiya mai kaurin milimita 6 ta isa. In za ka sa zif a labulen baya, lamba 10 mai haƙoran roba, da leɓen yadi a kansa saboda rana da ƙura.

Ranar ɗaurawa kar ka ɗame shi iya ƙarfinka. Ko an jiƙa kanbas sau biyu yana da sauran ja. Ka bar wa kowane maɗauri rarar santimita 10, ka watsa wa rumfar ruwa, ka bar ta ta bushe a kan ƙarafan, washegari ka ƙara ɗaurewa.