Muhawara: Saboteur kwafin The 39 Steps ne da yaƙi ya ɓata?

Mai Alƙalami: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu baje a faifai. A ganina fim ɗin Saboteur da Alfred Hitchcock ya yi a 1942 ba komai ba ne illa The 39 Steps da shi ɗin ya yi a 1935 da aka sauya wa riga, rigar kuma ta yi masa yawa. Ku jera su ku gani. A na 1935 an soki wata 'yar leƙen asiri da wuƙa a gidan Richard Hannay a Landan, aka ce shi ne, ya tsere Sikotland da taswirar da ta mutu tana riƙe da ita. A na 1942 gobara ta tashi a masana'antar jiragen sama a Kalifoniya, wani Fry ya miƙa wa Barry Kane tukunyar kashe wuta alhali fetur ne a ciki, Barry ya miƙa wa abokinsa, abokin ya ƙone, aka ce Barry ne ɗan zagon ƙasa. Daga nan hanyarsu ɗaya: gada, ankwa, budurwar da ba ta yarda da shi ba, da attajirin da gari ke girmamawa alhali shi ne uban tafiyar. Na farko minti 86 ne, na biyu kusan 109. Wannan rarar ta minti ashirin da ɗoriya wa'azin kishin ƙasa ne. Yaƙi ne ya ɓata shi.

Baba Majigi: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yi nisa a gyara abu ɗaya. The 39 Steps ba fim ɗin lokacin yaƙi ba ne. Littafin John Buchan ne ya fito a 1915 ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, amma fim ɗin shekara huɗu ya riga yaƙi na biyu, ko sunan ƙasar abokan gaba ba a ambata a ciki ba. Saboteur kuwa an fara ɗaukarsa a Disamba 1941, 'yan kwanaki bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, aka sake shi a Afrilu 1942. Wata huɗu ke nan. Wanda ya yi girki cikin natsuwa da wanda ya yi gida na ci da wuta ba a auna su da mudu ɗaya.

Edita: Baba, gaskiya ne, amma gaggawa ba ta wanke rubutu. Irin wannan labarin ƙofa ɗaya ke riƙe da shi. Mai kallo zai tambaya, me ya hana wannan bawan Allah zuwa wurin 'yan sanda ya faɗi gaskiya? In ba ka rufe ƙofar nan da kwaɗo ba, duk gudun da zai yi na banza ne.

The 39 Steps ya rufe ta a gaban idonmu. Hannay ya je da ƙafarsa wurin jami'in shari'a na yankin, ya nuna masa littafin waƙoƙin coci da harsashi ya maƙale a ciki, ya ce Farfesa Jordan, attajirin nan uban tafiyar, shi ne ya harbe shi. Jami'in ya saurare shi har 'yan sanda suka iso, sannan ya bayyana cewa Jordan amininsa ne, aka sa wa Hannay ankwa a hannu ɗaya, ya fasa taga ya dira. Bayan wannan babu mai sake tambayar nan. A Saboteur abin da aka ba mu shi ne babu sunan Fry a rajistar ma'aikata, saboda haka Barry bai da shaida. Dalili ne, amma Barry ya gudu tun bai gwada kowa ba. In kuna son ganin kwaɗo mai ƙarfi a fim ɗin yaƙi, ku dubi Ministry of Fear na Fritz Lang, 1944. Stephen Neale ya fito ke nan daga asibitin masu taɓin hankali bayan shekara biyu, kan mutuwar matarsa. Mutum mai irin wannan tarihin ya je ya ce wa ɗan sanda wani makahon ƙarya ya buge shi a jirgin ƙasa ya sace masa kek, wa zai saurare shi? Shi kansa ya sani, mu ma mun sani.

Hajiya Malama: Edita, na yarda da kai kan ƙofa. Inda ban yarda ba shi ne maganar Malam cewa yaƙi ya ɓata fim ɗin. Yaƙin ne ya ba shi abin da na 1935 bai da shi. Ku ƙirga waɗanda suka taimaki Barry: direban babbar mota da ya karkatar da 'yan sanda bayan Barry ya faɗa kogi daga kan gada, dattijo makaho da ya ji ƙarar ankwa amma ya ci gaba da ba shi abinci, da ayarin 'yan wasan nan masu yawo gari-gari, mace mai gemu, tagwayen da ke manne, da suka kaɗa ƙuri'a a cikin mota kan su ɓoye shi ko su miƙa shi. Sai ku ƙirga maƙiya: Tobin mai gandun dawaki da wurin ninƙaya yana wasa da jikarsa, da Misis Sutton mai shirya liyafar tara kuɗin agaji a Niyok. Fim ɗin yana ce wa Ba'amurken 1942, kada ka nemi maci amana a fuskar talaka ko baƙo, duba mai babbar riga. A lokacin da ake tsoron kowane baƙo, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mai Alƙalami: Hajiya, maganar tana da kyau, yadda aka faɗe ta ne matsalar. Makahon nan sai da ya tsayar da fim ya karanta mana haƙƙin ɗan ƙasa. Barry da Tobin ma suka zauna a ɗakin karatu suna musayar jawabi. Kwatanta da gidan manomin Sikotland. Mutum uku a kan tebur, maigida ya rufe ido yana addu'ar cin abinci. Matarsa ta hango jarida da labarin kisan, ta ɗago ta kalli Hannay, shi kuma ya roƙe ta da ido. Maigida ya buɗe ido ɗaya ya ga kallon, ya ɗauka soyayya ce. Ba wanda ya ce uffan, amma mun san ta gane, mun san za ta rufa masa asiri, mun kuma san za ta sha duka a kai. Rigar mijin da ta ba shi ita ce mai littafin da ya tare harsashi. Taimako ɗaya ya yi aiki sau biyu. Makahon Saboteur ya gama jawabinsa ya ɓace.

Hajiya Malama: Bai ɓace haka kawai ba, Malam. Shi ya haɗa Barry da Pat, 'yar ɗan'uwansa, ya ce ta kai shi wurin maƙeri a cire ankwa. Amma na amince jawabin ya yi tsawo.

Ƙaramin Darakta: Iyayena da yayyena, ku bar ni in tsaya kan ankwar, don a nan ne bambancin aikin ya fito. A na 1935 ankwa ɗaya ce ta ɗaure mutum biyu, hannun Hannay da na Pamela, matar da ta riga ta tona shi sau biyu. Saboda haka duk motsin da za su yi rigima ce: tsallake shinge, sa hannu a rajistar masauki, cire safar da ta jiƙe. Pamela ce ta zare hannunta da dare, ta fito za ta gudu, ta ji 'yan sandan bogi suna waya, ta gane gaskiya yake faɗi, ta dawo da kanta. Ankwar ce ta sauya mata zuciya. A na 1942 hannuwan Barry ne biyu a ɗaure, Pat tana sake. Sai ankwar ta zama cikas kawai, a cire a wuce. Yadda aka cire ta dai ya ɗauku: ya buɗe bonet, injin na aiki, ya kara sarƙar a fankar mota, ita kuma Pat tana tsakiyar titi tana tsayar da mota mai zuwa, kyamara na kai da komo tsakanin sarƙar da motar da ke matsowa. Fankar mota ta gaske ba za ta yanke wannan ƙarfen cikin minti ɗaya ba, amma ba wanda ke lissafin nan yana kallo. Abin da aka rasa shi ne bayan sarƙar ta tsinke babu abin da ya tilasta wa Pat zama, shi ya sa sauyin ra'ayinta a motar 'yan wasa ya zo da sauri fiye da kima.

Edita: Ƙanena ya taɓo inda ke ciwo. Sauran ciwon yawan zango ne. Irin wannan fim kowane zango zai ba jarumi alama ɗaya tak da za ta kai shi na gaba. Ambulan ɗin da Fry ya yar ya kai Barry gandun Tobin. Takardar waya da jikar Tobin ta zaro ta kai shi Soda City, kufan garin da ya tarar da madubin hangen nesa yana kallon madatsar ruwa ta Boulder. Har nan igiyar ba ta tsinke ba. Sai aka watsar da madatsar gaba ɗaya aka nufi Niyok, inda aka jera kololuwa uku a jere: bam a wurin ƙaddamar da jirgin ruwa a Brooklyn, harbe-harbe a gidan sinima na Radio City, sannan mutum-mutumin 'Yanci. The 39 Steps kololuwa ɗaya gare shi, dandalin wasanni na Palladium a Landan, kuma Mista Memory, mai wasan nuna ƙarfin hadda, da aka buɗe fim da shi ne aka rufe da shi. Hitchcock da kansa ya gaya wa daraktan fim na Faransa François Truffaut cewa dabaru sun cushe a Saboteur.

Baba Majigi: Ku dai tuna wa aka yi wa fim ɗin. A Disamba 1941 aka gama shari'ar mutum 33 na gungun Duquesne, masu yi wa Jamus leƙen asiri, a Niyok. Ranar 9 ga Fabrairu 1942 katafaren jirgin Faransa Normandie ya kama wuta a tashar Niyok ana mayar da shi jirgin sojoji, ruwan da aka yi ta zuba masa ya kifar da shi. Bincike ya ce tartsatsin walda ne ya faɗa kan rigunan ceto. Hitchcock ya sa hoton jirgin a kife a cikin fim, Fry ya hango shi ta tagar tasi ya yi murmushi, rundunar ruwan Amurka ta yi ƙorafi don hoton na nuna kamar zagon ƙasa ne. Wata biyu bayan fitowar fim, a Yuni 1942, jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka sauke mutum takwas da nakiyoyi a gaɓar Long Island da Florida. Wanda ya zauna a sinima a wannan shekarar ba tatsuniya yake kallo ba.

Mai Alƙalami: Na karɓa, Baba. To mu zo ƙarshe, inda hujjata ta fi ƙarfi. A kan mutum-mutumin, wa ke lilo? Fry, mugun. Mai kallo ba ruwansa in mugu ya faɗi. Hitchcock ya amsa wa Truffaut cewa kuskure ne, da jarumin ne ke rataye da tsoro ya fi. Ya kuma gyara a North by Northwest na 1959, inda jarumi ne ke maƙale a dutsen Rushmore, budurwar na rataye a hannunsa, mugu na taka masa yatsu.

Hajiya Malama: A nan kam na saɓa wa Hitchcock kansa, Malam. Fim ɗin mutumin da aka yi wa ƙage ne. Me Barry ke nema tun minti na goma? Ba ransa yake gudun wa ba kawai, sunansa yake nema a wanke. Har lokacin da aka kai shi tsibirin da mutum-mutumin yake, a hannun jami'ai yake. Mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da ke cikin tukunyar nan, shi ne wanda ke rataye tsakanin babban yatsa da manuniyar mutum-mutumin, yana rantsuwa zai wanke shi. Abin da Barry ya damƙa a hannun rigar nan shaidarsa ce. Ga kuma wani abu: wannan ne mutumin da ya ƙona masa aboki, amma ya tsallake dogarin ƙarfe ya sauka ya miƙa masa hannu. Duk abin da makaho ya ɓata minti yana faɗi, ga shi an nuna ba baki. A na 1959 kana tsoron kada su faɗi ne kawai. A na 1942 kana son ya faɗi kuma ba ka so.

Ƙaramin Darakta: Aikin ma abin koyo ne. Ba a hau ainihin mutum-mutumin ba, an gina hannun da fitilar a situdiyon Universal. Faɗuwar kuma Norman Lloyd, wanda ya fito a matsayin Fry, bai motsa daga wurinsa ba. An zaunar da shi kan wani abu mai kama da sirdi a kan baƙin shimfiɗa, yana juyi yana wutsil-wutsil, kyamara ce aka ja sama da sauri tana nisantarsa, daga baya aka haɗa da hoton ƙasan. Shi ya sa fuskarsa ke fara cike allo ta ƙanƙance ba tare da an yanka ba.

Edita: Kuma babu kiɗa ko kaɗan. Iska ce da 'yar muryarsu. Kyamara ta matsa kan ɗinkin kafaɗa, zare na ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, a koma fuska, a dawo ɗinki ya ƙara buɗewa. Da an sa ganguna da an kashe shi.

Mai Alƙalami: Hajiya, kin karya ni a kan ƙarshen, na janye wannan. Na kuma janye kalmar kwafi, tunda tambayar wa za a yarda da shi a lokacin yaƙi ba ta cikin na 1935. Amma ina nan kan bakana game da tsakiya. A rage jawabin makaho zuwa rabi, a cire na ɗakin karatu, a zaɓi ɗaya tsakanin Radio City da Brooklyn, fim ɗin zai sauko wajen minti 95 kuma ba abin da zai rasa.

Edita: Radio City za a cire, Malam. Brooklyn ne kaɗai wurin da Barry ya hana wani abu faruwa da hannunsa, don kokawar da ya yi da Fry ce ta jinkirta danna maɓallin har jirgin ya zame daga kan turakunsa. In ka cire shi, jaruminka ya ratsa Amurka daga yamma zuwa gabas bai tsinana komai ba.