Dodon koɗi mai murfi: musayar baitoci daga bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan

Baffan Mai Wurno:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya na je ƙafaffen tafkin da ke bayan gonarmu, abin da na gani ya hana ni barci.

Ina dodon koɗin nan babba mai murfi,
Da muke tonowa a laka can da zurfi?
In tafki ya ƙafe sai ya ja ƙofarsa,
Ya yi barcin rani, laka ce shimfiɗarsa.
Ruwan farko na sauka zai farka,
Ya jera fararen ƙwai a gefe kan laka.
Jiya na tona har gwiwar hannu,
Sai ɓawo fanko, na share shi a sannu.

Manomin Jazira:
Baffa, ka gafarce ni, ni ba zan yi kuka ba,
Abin da ya sami gidana ban manta ba.
Ɗana ya yi wankan tur'a, magudanar ban ruwa, lokacin shuka,
Wata uku sai uwarsa ta zo min da kuka:
Ga jini yana ɗiga a ƙarshen fitsari,
Ya rame, idonsa ya yi fat kamar gari.
Tun da aka datse kogi a Sinnar,
A shekarar 1925,
Ruwa ya kwanta, tsargiya ta sami gida,
A zuba magani ya share dodon koɗi duka, na yarda.

Malamar Jinya, Wad Madani:
Yaya, Allah ya ba yaro lafiya. Ka kai shi a auna shi a ba shi firazikwantel, kada ka jira. Amma ka saurare ni:

Masu laifin nan biyu ne, kuma ƙanana,
Suna maƙale a ciyawar tur'a dare da rana.
Bulinus bai fi ƙwayar wake ba, bakinsa hagu,
Shi ke renon tsutsar mafitsara, shi ne mugu.
Biyomfalariya a naɗe take kamar gammo,
Tata tsutsar hanji da hanta take nemo.
Duka biyun ba su da murfi, ka duba,
Na Baffa, Pila, bai taɓa ɗaukar cutar ba.
Amma niklosamaid, maganin kashe su, in ya shiga ruwa,
Ba ya tambayar suna, har kifi na mutuwa.

An yi babban aikin lafiya na Shuɗin Nilu daga 1979, cutar ta ragu sosai, da aikin ya tsaya ta komo. Fitsari da bayan gida a bakin ruwa su ke ciyar da ita.

Ɗalibi daga Khartum:
Baffa, a 1944 an yi tono a Khartum,
Arkell, mai binciken kufai, ya tarar da ɓawon Pila jingim.
Mutanen da, shekaru dubbai, shi suka ci,
Tun ba a san auduga ba a wannan gaci.

Manomin Jazira:
Ƙanwata, na ji, gobe zan kai yaro,
In haƙa masai a hawasha, gonata, in daina aro.
Ciyawar tur'a da hannuna zan nome,
In na ga mai murfi, ruwa zan mai da shi ya kome.

Baffan Mai Wurno:
Madalla ɗana. Akwai wani kududdufi ta kudu da ban tona ba tukuna.

Ranar da hadari ya zubar da na fari,
Ka zo da yaron mu je da sassafe da wuri,
Daga kan tudu zai tsaya, kar ya taka ruwa,
Ni zan shiga in laluba ko akwai mai rayuwa.